An cire kuɗi, alat bai shigo ba: ba kullum ne laifin sabis ba

Duk mai hada-hadar hatsi a Funtua, Dandume ko Malumfashi ya san wannan tsayuwar, musamman tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023. An auna masara, an ɗinke buhuna, 'yan dako sun fara lodi. Mai saye ya sa kati a POS, wayarsa ta nuna an cire masa kuɗi, 'yar takardar da ta fito daga na'urar kuma ta ce ciniki bai yiwu ba. Mai kaya ya kafe, ko buhu ɗaya ba zai fita ba sai ya ga alat. Daga nan kowa sai ya ce sabis ne.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma yawancin aikina da 'yan kasuwar hatsi da ƙungiyoyin manoma na wannan yanki nake yi. Sabis yana da nasa laifin, ban musa ba. Amma sau da yawa abin da ya lalace shi ne zancen da ke tsakanin na'urorin.

POS ba ta taɓa kuɗinka da kanta. Saƙo take aikawa ta hannun kamfanin da ke tsakani har ya kai bankinka, bisa wata ƙa'ida ta duniya mai suna ISO 8583. Saƙon neman kuɗi lambarsa 0200, amsar banki 0210. Idan banki ya cire kuɗin, amsar kuma ta ɓace a hanya, dole a aika wani saƙon, 0420, mai cewa a mayar da kuɗin. Idan wanda ya rubuta manhajar bai tanadi abin da za a yi in an ji shiru ba, ko ya sa ta sake aika 0200 kamar sabon ciniki, to an cire maka sau ɗaya a banza, ko ma sau biyu.

Kamar ciniki ne a kasuwa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama, sannan a biya, dillali ya karɓi la'adarsa. Ba a biya kafin sallama, kuma wanda ya taya ba ya juya baya bai ji amsa ba. Mutum ya san wannan da hankalinsa. Kwamfuta kuwa sai abin da aka rubuta mata.

A nan tsarin nau'i yake shigowa. Masu rubuta manhaja sun daɗe suna gaya wa kwamfuta cewa wannan lamba ce, wancan suna ne, don ta ƙi haɗa su in an yi kuskure. A 1993 wani masani ɗan Japan, Kohei Honda, ya nuna cewa zancen na'urori biyu ma ana iya ba shi nau'i: wa zai fara, me zai aika, wace amsa ce halal, ina zance zai ƙare. A 2008 shi da Nobuko Yoshida da Marco Carbone suka faɗaɗa shi ya ɗauki ɓangarori uku ko fiye, kuma akwai harshe mai suna Scribble da aka ƙirƙira don rubuta irin wannan yarjejeniya. Za ka rubuta zancen gaba ɗaya wuri guda, a fitar wa kowane ɓangare da nasa kason. Duk ɓangaren da rubutunsa ya saɓa, kwamfuta za ta ƙi harhaɗa shi tun a teburin mai rubutu, kafin ya kai hannun ɗan kasuwa.

Na ga amfaninsa a wata manhaja da muka yi wa wata ƙungiyar manoma da harshen Rust. Ɓangarori uku ne: wayar mai awo, ta mai kula da sito, da ta ma'aji. Mai awo ya aika nauyi, mai sito ya tabbatar, ma'aji ya biya. Da kaka ta zo, ƙungiyar ta nemi a ƙara ragi ga masarar da ba ta gama bushewa ba. Muna ƙara saƙon ragin a ɓangaren mai sito, sai kwamfuta ta tsaya da jan rubutu, ta nuna layin da ke ɓangaren ma'aji inda ba a faɗi abin da za a yi da wannan sabon saƙo ba. Da ya wuce haka, ma'aji zai riƙa biyan cikakken farashi a kan ɗanyar masara, ba wanda zai farga sai ranar lissafi, a lokacin kuma zargi ya riga ya shiga tsakanin mutanen da suka yarda da juna.

Kada a ɗauka maganin komai ne. Ba ya gyara turken sabis, ba ya hana waya mutuwa a tsakiyar ciniki. Shirun ma sai ka rubuta shi cikin yarjejeniyar a matsayin amsa mai nata hukuncin, kuma kowane ciniki ya samu lambarsa shi kaɗai don kada a biya shi sau biyu. Abin da tsarin yake yi shi ne ya hana ka manta wata hanya da zance zai iya bi.

A 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su warware takaddamar POS cikin awa 72. Umarni ne mai kyau, amma kwana uku ga wanda jarinsa kaf yake cikin lodi ɗaya ba wasa ba ne, kasuwa ta riga ta watse.

'Yan uwana matasa masu koyon rubuta manhaja, kafin ku rubuta layi ɗaya ku zana zancen a takarda, ku sa kwamfuta ta riƙe ku a kansa. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi da 'yan kasuwa, duk wanda ya kawo muku manhaja ku tambaye shi: in saƙo ya tafi amsa ba ta dawo ba, me za ta yi da kuɗinmu? In bai nuna muku a aikace ba, kada ku sa hannu.