Darasin kiwon lahiya: don mi majo yake sa safar hannu?

Ran nan, a wata cibiyar karatun manya ta karkarar Maraɗi, wani manomi ya kawo mana kuka. Gatari ne ya sare shi a ƙafa, aka kai shi gidan likita cikin amalanke. Jini yana zuba, amma majo bai taɓa shi ba sai da ya wanke hannu, ya sa safar roba. Manomin ya ce: «Yaron da na san ubansa! Yau ni yake ƙyama?» Wasu suka yi dariya, wasu suka ba shi gaskiya.

Ƴan uwa, majo bai yi laihi ba. Ku biyo mu sannu, ku ji dalili.

Mi ke cikin jini?

Jini yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Uku daga cikinsu sun hi damun ma'aikatan likita: ƙwayar ciwon hanta iri na B, ƙwayar ciwon hanta iri na C, da ƙwayar sida.

Mutum yana iya ɗauke da ɗaya daga cikinsu shekara da shekaru bai sani ba. Yana noma, yana zuwa kasuwa, yana cin tuwonsa. Majo ba ya iya duban huskar mutum ya gane abin da ke cikin jininsa. Shi ya sa aka koya masu doka guda: jinin kowa a yi hattara da shi, na maigari da na talaka, na tsoho da na jariri. Kuma safar ba majo kaɗai take karewa ba. Hannun da zai taɓa mikinka ya taɓa na wani kahin ka zo.

Ta ina cutar take shiga?

Fata mai lahiya kamar danga ce. In jini ya zuba a kanta aka wanke da sabulu, shi ke nan. Amma dangar tana da wuraren ɓullawa. Jini yana shiga ta miki, ko ta fason da sanyi yake yi wa hannu. Yana shiga in ya fantsama cikin ido ko baki, kamar yadda yake faruwa wajen karɓar haihuwa. Babbar ƙofa kuwa ita ce sukar allura.

Allurar likita ba irin ta ɗinki ba ce. Tana da rami a ciki, kuma jini yana maƙalewa a ramin. In ta hito daga jikin majinyaci ta soki ma'aikaci, ta kai masa wannan jini har cikin nama. Yaya hatsarin yake faruwa? Sau da yawa wajen mayar wa allura hularta ne: hannu ya kuskure, tsinin ya sami yatsa. Wani lokaci yaro ne ya zabura. Wani lokaci da dare ne, babu wuta, ana aiki da tocila, mutum guda yana duba majinyata da yawa, ga gajiya. Hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2000 kaɗai, ta irin wannan suka, ma'aikata wajen 66.000 sun kamu da ciwon hanta B a duniya, wajen 16.000 da ciwon hanta C, wajen 1.000 da ƙwayar sida.

Mu yi ɗan lissahi

A ce allura mai jinin mai cuta ta soki mutum 1.000. In ƙwayar sida ce, wajen mutum 3 za su kamu. In ciwon hanta C ne, wajen 20. In ciwon hanta B ne, kuma ba su da rigakahi, ana iya kai wa mutum 300.

Ku sake karanta waɗannan lambobi. Jama'a sida suke jin tsoro, ba sa ko son ambaton sunanta. Amma ciwon hanta B ya hi ta saurin kamu nesa ba kusa ba. Ƙwayarsa tana da taurin rai: tana yin kwana 7 da ranta cikin busasshen jini, a kan tebur, ko tabarma, ko reza. Nijar tana cikin ƙasashen da wannan ciwo ya yi yawa, kuma da dama daga masu shi tun suna yara suka same shi. Yana cin hanta a ɓoye. Wasu sai bayan shekaru idonsu ya yi rawaya, ciki ya kumbura da ruwa, jiki ya rame. A ƙauye sai a ce shawara ce, ko a ce sammu aka yi wa mutum.

Abin murna, wannan ciwo yana da rigakahi. Wani likita ɗan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya gano alamarsa cikin jini a 1965, kuma tun 1982 ake yi wa mutane allurar. A Nijar an sa ta cikin rigakahin jarirai a 2008: ana yi a sati 6, sati 10 da sati 14. Ke nan yawancin waɗanda aka haifa kahin 2008 ba su samu ba. Babba allura 3 ake yi masa: ta farko yau, ta biyu bayan wata 1, ta uku wata 6 bayan ta farko. Ciwon hanta C ba shi da rigakahi, amma akwai ƙwayoyin da ke warkar da shi cikin wajen wata 3. Sida ma ba ta da allurar rigakahi. Maganinta yana danne ƙwayar, mutum ya rayu ya yi aikinsa, amma ba ya kawar da ita.

Waɗanda ake mantawa da su

In an ce ma'aikacin likita, hankalinmu yana zuwa ga mai farar riga. To, mai shara fa, wanda yake kwashe juji da hannu? Mai wankin zannuwan ɗakin haihuwa fa? Ungozomar ƙauye fa, da ɗalibi mai koyon aiki? Allurar da wani ya yar cikin shara ko ya manta cikin shimhiɗa, su take samu. Yawancinsu ƴaƴanmu ne da ƙannenmu, kuma su ne ba a cika yi wa bayani ba. A ganinmu, duk wanda aka ba tsintsiya a gidan likita ya kamata a ba shi safa mai kauri da rigakahin ciwon hanta tun ranar farko. In ɗanka yana wannan aiki, ka tambaye shi yau ko an yi masa.

Mu ma muna ciki. A asibitocinmu dangi ne ke jinya. Mu ke wanke zanen mai jego, mu ke goge jini da amai. Mai jinya ya sa safa, in babu ya sa leda marar huda. A jiƙa zane mai jini cikin ruwa mai jabel kahin a wanke shi.

In allura ta soke ka

Kada ka tsotse wurin da baki. Kada ka matse shi. Kada ka sa toka, ko ƙasa, ko garin taba. Ka wanke da ruwa da sabulu nan take. In cikin ido ko baki jini ya shiga, ka wanke da ruwa mai tsabta, mai yawa.

Sa'an nan ka gaya wa majo ko likita a wannan sa'a. A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Wani kunya yake ji, wani tsoron faɗa, wani ya ce ai ɗan tsini ne, ko jini bai hito ba. Sai ya yi shiru. Alhali akwai ƙwayoyin da ke hana sida kama mutum bayan suka, ana shan su kwana 28 ba fashi. Amma suna da lokaci. An hi so a fara cikin awoyin farko. In awa 72 ta wuce, wato kwana 3, sun daina amfani. In babu su a ƙauyenku, a nemi kabu-kabu a tahi babban gidan likita, kada a jira ranar kasuwa. Can za a gwada jininka, a nemi yardar majinyacin a gwada nasa, a yi maka rigakahin hanta in ba ka da shi. Bayan ƴan watanni a sake gwaji. Sakamakon sirri ne tsakaninka da likita.

Namu taimakon

In za a yi wa yaro allura, uwa ta riƙe shi da kyau, hannu da ƙafa. Kada mu matsa wa majo sai ya yi mana allura in ya ce ƙwaya ta isa. Allura ba ta hi ƙwaya ƙarhi ba a kowace cuta, kuma kowace allurar banza ƙarin hatsari ce gare shi da gare mu. In an ce mu sayo safa, kada mu ce cuta ce: safa guda, majinyaci guda. Akwai kwali na musamman inda ake jefa allura da zarar an gama, daga baya a ƙone. Mu hana yara tonon jujin gidan likita, don suna ɗauko sirinji su yi wasan ruwa da shi.

Da muka kawo nan, manomin nan mai ciwon ƙafa ya ɗaga hannu. Ya ce: «To, wanzamin garinmu fa, da aska guda yake yi wa mutum goma?» Amsa ita ce, hanyar cutar ɗaya ce. Kowa ya je da sabuwar rezarsa. Maganar wanzamai, da kaciya, da ƙaho, za mu kawo ta a jarida mai zuwa.

Aikin cibiya: allura ta soki mai shara ranar Litinin da ƙarhe 8 na sahe. Wace rana, da ƙarhe nawa, awa 72 za ta cika? Ku rubuta amsar a allo, ku kuma roƙi malaminku ya gayyato majo ya nuna maku kwalin allura.