Ƙashi ba ya jin lallashi

Dogo, ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini shekaranjiya ta kama ka a bayan gida ka jingine sanda kana jefa ƙwallo, alhali likita ya ce ƙafar nan kada ta ɗauki nauyi tukuna. Ban yi mamaki ba. Yaron da ya saba ƙurar fili, a ce masa ya zauna yana kallon rufin ɗaki, ai an haɗa shi da aiki. Ba faɗa zan yi maka ba. Labarin wani dogo irinka zan ba ka, daga ƙasar Filifin.

Mutanen can sun ɗauki ƙwallon kwando yadda muka ɗauki ƙwallon ƙafa. Amurkawa ne suka kai musu wasan a zamanin mulkinsu, ya kuma kama ƙasa har za ka ga yara sun kafa kwando a bakin titi suna wasa da silifa. Gasarsu ta ƙwararru, PBA, tun 1975 take, ita ce ta farko a nahiyar Asiya. Abin da Allah bai ba yawancinsu ba shi ne tsawo. To a cikinsu aka haifi June Mar Fajardo a 1989, ya tashi a garin Pinamungajan na tsibirin Sebu, ya miƙe har ƙafa shida da inci goma. Bai yi wasa a manyan jami'o'in Manila da jaridu ke zuzutawa ba, a Jami'ar Sebu ya yi.

A 2012 shi aka fara zaɓa cikin sabbin 'yan wasa. Kai da jin haka ka ce ai shi ke nan, kakarsa ta yanke saƙa. Ina! Kyautar gwarzon sabbin shiga ta kakar nan Calvin Abueva ne ya ɗauke, wanda aka zaɓa a bayansa. A gasar Asiya ta 2013 da aka yi a Manila, ƙasarsa ta zo ta biyu, amma shi yawanci a benci ya kalli wasan. A ƙungiyarsa kuwa akwai wani dattijon ɗan wasa, Danny Ildefonso, wanda ya taɓa zama gwarzon shekara har sau biyu. Shi ya ja yaron a jiki yana koya masa taku a ƙarƙashin kwando, inda zai dasa ƙafa, yadda zai juya da mutum a bayansa. Fajardo bai ce ya fi malamin tsawo ba. Wannan wurin nake so ka tsaya a kansa, domin na ji yadda kake amsa wa kocinku.

Daga 2014 abin ya buɗe. A gasar kofin duniya a Sifen, yana cikin waɗanda suka doke Senegal da maki 81 da 79 bayan ƙarin lokaci, nasarar farko da Filifin ta samu a gasar cikin shekara arba'in. A gida kuma ya zama gwarzon shekara sau shida a jere, daga 2014 zuwa 2019, ya wuce Ramon Fernandez da Alvin Patrimonio masu huɗu-huɗu. Ƙungiyar tasa, San Miguel, ta kamfanin giya ce; wannan kam ba shi na ce ka koya ba.

Sai ga watan Fabrairun 2020. Ba a wasan ƙarshe ba, ba a gaban jama'a ba, a wurin atisaye ƙashin ƙwaurinsa na dama ya karye. Aka yi masa tiyata. Kambinsa na shida ma da karyayyiyar ƙafa ya karɓe shi. Kakar wasan shekarar nan gaba ɗaya ta wuce bai taka fili ba.

Ka auna, Dogo. Mutum yana da shekara talatin, yana kan ganiyarsa, jikinsa kuma nauyi ne da shi, kowane tsalle a kan ƙashin nan zai dira. Da ya yi gaggawa, wa zai hana shi? Ƙungiya na buƙatarsa, magoya baya na jira. Amma ƙashi ba ya jin lallashi, ba ya kuma sanin wane ne mai shi. Masu ɗorinmu na gargajiya sun san haka tun kafin a kawo hoton ƙashi: ɗorin da aka taka da wuri ya goce, sai an sake karya shi kafin ya daidaitu, kuma karaya ta biyu ta fi ta farko zafi. Sai a 2021 ya dawo, bayan fiye da shekara. A shekarar ce kuma mahaifiyarsa ta rasu, kambin gwarzon kakar wasan nan ya tafi hannun Scottie Thompson. Masu cewa tasa ta ƙare ba su yi ƙaranci ba.

A 2022 ya ɗauki kofi da ƙungiyarsa. A 2023 ya karɓi kambi na bakwai, ya kuma je Hangzhou ta ƙasar Sin inda Filifin ta doke Jodan ta ci zinare a wasannin Asiya, abin da rabonta da shi tun 1962. A 2024 ya ƙara na takwas. Duk a kan ƙafar nan da ya bari ta warke.

Na san abin da ke ci maka rai: kana tsoron kafin ka tashi wani ya gaje wurinka. Mai yiwuwa ne a gaje shi, ba zan ɓoye maka ba. Idan ka dawo sai ka sake neman sa, kamar yadda ka nema da farko. Amma ka ga, koci na iya koya wa kowa jifa, tsawonka kuwa babu mai koyar da shi, yana nan yana jiran ka.

Ranar Alhamis in Allah ya kai mu zan zo da mota mu je a sake duba ƙafar. Ƙwallon kuma ka miƙa wa mahaifiyarka ta kulle a ɗakinta, na riga na gaya mata. Ka gaishe ta.