Littafin da Na Fi So

Ran nan na tafi duba wata makaranta a Mai'adua. Da na shiga aji shida sai na ce wa yara, "Kowa ya faɗa mini abin da ya fi so, ko littafi, ko waƙa, ko wasan kwaikwayo." Nan da nan hannuwa suka tashi. Wannan ya ambaci fim, wancan ya ambaci waƙar da ya ji a wayar wansa. Amma da na ce, "To, don me kuka fi son su?" sai aji ya yi tsit. Can wani yaro ya ce, "Malam, ai kowa shi ya ke so."

Ina shirin fita sai wata yarinya ta miƙe da ladabi, ta ce, "Malam, kai fa, wanne ka fi so?" Lokaci ya riga ya ƙure, saboda haka na yi mata alkawarin zan rubuto amsa. To, ga ta.

Littafin da na fi so shi ne Magana Jari Ce, littafi na ɗaya. Ina aji huɗu kawuna ya ba ni shi. Ya tsufa ƙwarai, bangonsa ya fita, gara kuma ta cinye shafukan ƙarshe. Kullum bayan sallar isha'i sai in zauna a zaure gaban fitilar ƙwai, ina karantawa, ƙannena suna saurare.

Labarin wani sarki ne, Abdurrahman, wanda ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri kuwa mugu ne, ya ƙulla makirci, yana jiran Musa ya fito waje a halaka shi. Ko wane dare Musa ya yi shirin fita, sai wani aku ya tsare shi da labari mai daɗi, kafin ya farga gari ya waye. Ana cikin haka littafina ya ƙare, ban san ko Musa ya tsira ba. Na yi kwana da kwanaki abin yana damuna.

Sai na shiga tara 'yan kuɗin da a ke ba ni na tara. Ran wata Lahadi na bi kawuna kasuwar Mai'adua, inda mutanen Daura da na Nijar su ke haɗuwa. Muka wuce kara, muka wuce 'yan hatsi, har muka sami mai littattafai ya shimfiɗa hajarsa a kan tabarma. Na sayi sabo. A ran nan na san cewa sarki ya komo lafiya, asirin Waziri ya tonu, aka kuma naɗa aku a matsayinsa.

Wanda ya rubuta littafin shi ne Alhaji Abubakar Imam. An haife shi a Kagara cikin 1911. Yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina aka yi gasar rubuta littattafan Hausa cikin 1933, ya shiga da Ruwan Bagaja, ya kuwa yi nasara. Daga nan aka kira shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Cikin 1939 ya zama editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu cikin 1981.

To, don me na fi son wannan littafi? Dalilaina uku ne.

Na farko, aku ba shi da takobi, ba shi da doki, ba shi da ƙarfin da zai tare ƙofa. Da bakinsa kaɗai ya ceci ran ɗan sarki. Ni kuwa a lokacin nan yaro ne ƙarami mai jin kunyar magana a aji. Daga aku na koyi cewa mai iya magana da hankali ba ya zama abin raini.

Na biyu, Hausarsa. Imam ya ɗauko waɗansu labaru daga littattafan Larabawa, irin su Alfu Laila, waɗansu daga ƙasar Indiya da ƙasashen Turai, amma ya sa musu riga da rawani, har ka rantse a bayan gidanku aka yi su.

Na uku, ba ya gundura. Na karanta shi ina yaro, na yi dariya. Na sake karanta shi ina kwalejin horon malamai, na lura da yadda a ke shirya jimla. Yanzu da na ke da 'ya'ya, tausayin sarkin na ke ji, wanda ya tafi ya bar ɗansa a hannun maci amana.

Kada ku zaci ina ƙin waƙa ko fim. Cikin mawaƙa na fi son Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu cikin 1999, domin ko da kalangai suna tashi, ba kalmarsa guda da za ta ɓace maka. Cikin finafinai kuwa na fi son Shehu Umar, wanda aka yi cikin 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa. Labarin yaro ne da aka sace aka kai shi ƙetaren Sahara, uwarsa ta bi sawunsa. Amma na gode Allah da na karanta littafin kafin in ga fim ɗin, domin mai karatu shi ke zana fuskokin mutane a zuciyarsa, mai kallo kuwa sai abin da aka nuna masa.

Ba lalle ne ku so abin da na ke so ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da na ke nema gare ku shi ne, idan kun ce kun fi son abu, ku iya faɗin dalili daga zuciyarku, ba don kun ji abokanku suna yabonsa ba. Yaron da ya saba bin zaɓin mutane a kan waƙa, idan ya girma haka zai bi su a kan abin da ya fi waƙa nauyi. Ku roƙi malaminku ya ara muku littafi guda, ku karanta shi har ƙarshe. In na komo makarantarku, in Allah ya so, zan sake tambaya.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya aku ya hana Musa fita?
2. Wane ne ya rubuta Magana Jari Ce, kuma a wane gari?
3. Rubuta jimla biyar a kan littafi, ko waƙa, ko fim da ka fi so, ka kawo dalili biyu.