Toshewar Jijiyoyin Zuciya: Abin Da Za A Yi Da Wanda Ba Za A Yi Ba

Kada ka kira kowane ciwon ƙirji olsa. Idan nauyi ya danne maka ƙirji kamar an ɗora buhun masara, ya sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi, gumi mai sanyi ya karyo, to madara da jiƙon kanwa ba su da aiki a nan. Jijiyoyin da ke shayar da naman zuciya ne suka ƙuntace, saboda kitsen da ya yi shekaru yana taruwa a bangonsu. Ranar da kitsen ya tsage, jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe, naman zuciya zai fara mutuwa cikin mintuna.

Ka tafi asibiti nan take. Kada ka tuƙa kanka, kada ka ce a bari gari ya waye, kada a tsaya buga ƙofar mai kemis. A hanya ka tauna aspirin mai miligiram 300, in dai ba ya ba ka matsala kuma ba ka da olsa mai zubar jini. Da isa, a yi gwajin ECG. Mata da masu ciwon suga su ƙara kula: nasu yakan zo a ɓoye, sai kasala, tashin zuciya da haki.

Kada ka daina maganin hawan jini don ka ji garau. Wannan ita ce ɗabi'ar da ta fi ba ni haushi. Mutum ya sha wata guda, kai ya bar sara, sai ya cusa sauran ƙwayoyin a lokar gado ya ce ya warke. Bai warke ba, maganin ne ke riƙe da shi. Hawan jini ba ya sallama. Awo kaɗai ke tona shi, kuma duk wanda nasa ke kaiwa 140/90 a kai a kai, likita ne abokin shawararsa. Haka suga, haka kitsen jini. In an rubuta maka atorvastatin don rage kitsen jinin, ka sha kullum.

Ka bar taba. Shisha ma taba ce, ƙamshin tuffa bai sauya ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shekara ɗaya da dainawa, haɗarin wannan cuta yana raguwa da kusan rabi.

Uwargida, rage gishiri. Ƙasa da giram 5 a yini ake so, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen da kike marmasawa a miya yawancinsa gishiri ne. Ki dogara da daddawa, albasa da citta. Maigida kuwa, tsiren dare mai kitse, man shanu da ke iyo a kan tuwo, da lemon kwalba bayan kowane abinci, su koma na jefi-jefi. Wake, zogale, kifi, gero da dawa suna nan, kuma ba su fi ƙarfin aljihu ba.

Ka motsa jiki, minti 150 a mako. Tafiya da sauri ta isa.

Idan mahaifinka ko wanka ya kamu da wannan cuta tun da ƙuruciya, kada ka jira alama. Je a auna ka.

Kada ka mai da diclofenac da ibuprofen abin sha kullum don ciwon jiki, suna ƙara haɗarin bugun zuciya. Mafi muni shi ne maganin ƙarfin maza. Wanda ke sa ƙwayar nitroglycerin a ƙarƙashin harshe, in ya haɗa ta da sildenafil, wato maganin ƙarfin mazan, jininsa na iya faɗuwa warwas har ya rasa rai, kuma an sha gano sildenafil a ɓoye cikin haɗe-haɗen da ake talla da sunan na gargajiya. Ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake sha, kunya ba ta da wuri a ɗakinsa.

Kada ka guji aiki in likita ya ce a yi. Buɗe jijiyar zuciya da balan-balan ba sabon abu ba ne, tun 1977 wani likita mai suna Andreas Grüntzig ya fara shi a Zurich. Yau ana barin 'yar ragar ƙarfe a ciki, ko a ɗauko jijiya daga ƙafa ko ƙirji a kewaye toshewar. Bayan an sa ragar, kada ka kuskura ka tsayar da aspirin da clopidogrel ɗin da aka rubuta maka da kanka, ko don azumi, ko don cire haƙori. Jini na iya daskarewa a cikinta. Koma wurin wanda ya rubuta maka, shi zai tsara lokutan sha.