Me Kike da Shi a Gida?

Karatu: 2 Sarakuna 4:1-7

A ƙaramin asibitinmu, daga watan Yuli zuwa Satumba ne layi ya fi tsawo. Rumbu ya yi ƙasa, masara ba ta nuna ba, ruwan sama ya kwaso ƙazanta ya zuba a rijiya da rafi. Yara sai zawo da zazzaɓi. A irin wannan lokaci nakan ji iyaye suna cewa, "Allah ya manta da mu." Ba na tsawata wa mai faɗin haka, don na san zafin da ke bakinsa. Amma bari mu buɗe Littafi Mai Tsarki tare.

Wata gwauruwa ta zo wurin annabi Elisha tana kuka. Mijinta mai tsoron Allah ne, ya mutu ya bar bashi, mai bin bashin kuma yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Elisha bai miƙa mata kuɗi ba. Tambayarta ya yi abin da take da shi a gida. Ta ce babu kome, sai dai ɗan mai a tulu. Ku lura, "babu" ta fara faɗa kafin ta tuna da man. Ya aike ta ta aro tukwane a wurin maƙwabta, ta rufe ƙofa ta yi ta zubawa. Man bai tsaya ba sai da tukwane suka ƙare. Ta sayar, ta biya bashi, suka ci saura.

Wahala takan rufe ido. Mutum yana duban abin da ya rasa, har ba ya ganin abin da Ubangiji ya riga ya ajiye masa a ɗaka.

Daminar bara wata uwa ta iso da dare, goye da yaro ɗan wata goma, kwana biyu yana zawo. Idonsa ya faɗa, bakinsa ya bushe. Ta hana shi nono da ruwa, don an gaya mata shan ruwa yana ƙara zawo. Ta kwana tana addu'a, ta ce da ni, "Malama, ba ni da ko sisi." Na tambaye ta ko akwai sukari da gishiri a gida. Akwai. Nono fa? Akwai. Ashe abin da zai riƙe ran yaron yana gidanta tun ranar farko. Muka zauna da cokali muna ba shi kaɗan kaɗan har gari ya waye, ya buɗe ido ya kama nono.

Ga yadda ake haɗawa idan babu ƙunshin SRO na asibiti. A tafasa ruwa lita ɗaya, a bari ya huce. A zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo, da gishiri rabin cokalin. A ɗanɗana: kada gishirinsa ya wuce na hawaye, domin gishiri mai yawa yana cutar da yaro. Duk lokacin da ya yi zawo a ba shi. Wanda bai kai shekara 2 ba, kwata zuwa rabin kofi. Wanda ya wuce haka, rabi zuwa kofi guda. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo. Kada a daina ba da nono, kada a hana abinci. A zo a karɓi ƙwayar zinki, ana shan ta kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya.

Amma in yaro ya kasa sha, ko akwai jini a kashinsa, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, kada a jira safiya. A kawo shi.

Gwauruwar nan ba ta cika tukwanenta ita kaɗai ba, sai da ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. A Ƙaramin Katekisma na 1529, inda Martin Luther ya bayyana roƙon abincin yini cikin Addu'ar Ubangiji, bai tsaya kan tuwo ba. Ya haɗa da lafiya, da gida, da gona, da maƙwabta na kirki. Mai babur da ya kawo ki da dare, da 'yar'uwa a zumuntar mata da ta auno miki gyada, suna cikin amsar addu'arki. Kunya ce takan hana mu tambaya, kuma na ga kunya ta jawo asarar rai.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai yaran da muka yi duk abin da muka sani, Ubangiji ya ɗauke su. Wannan ba shaida ba ce cewa bangaskiyar uwar ta gaza. A ranar irin wannan, tanadin Allah shi ne ikkilisiya ta zauna tare da ita, ta daka mata, ta ɗebo mata ruwa.

A taronku na wannan mako, kowace mace ta zo da ƙaramin cokali da kwalbar lita ɗaya, ku haɗa ruwan tare, kowa ya ɗanɗana.