Me Ya Sa Ake Ƙwarewa Idan Ana Ci Ana Kallon Waya?

Da kaka, a ƙauyukan Ɗambatta, Bichi da Tsanyawa, gyaɗa ba ta yankewa a aljihun matasa. Hannu ɗaya na riƙe da waya, ɗayan na jefa gyaɗa a baki. Da bidiyon barkwanci ya faɗo a TikTok sai dariya ta kece, sai wani ya ƙware, ya yi ta tari har da hawaye. Dalilin yana cikin yadda aka tsara maƙogwaro.

Iska da abinci hanya ɗaya suke bi a bayan baki, sannan hanyar ta rabu biyu. Bututun iska yana gaba, shi ke zuwa huhu. Bututun abinci yana bayansa, shi ke zuwa ciki. Ke nan dole kowace loma ta wuce ta kan ƙofar numfashi.

Da harshe ya tura loma baya, ƙwaƙwalwa ke karɓar aikin ba tare da neman izinin mai ci ba. Naman bayan ganɗa yana ɗagawa ya toshe hanyar hanci. Jijiyoyin murya biyu suna haɗewa kamar ƙyauren ƙofa. Zakaran wuya yana hawa sama ya matsa gaba, sai wani guringuntsi mai siffar ganye da ke gindin harshe, wanda likitoci ke kira efiglotis, ya kifa a kan bututun iska kamar faifai a bakin ƙwarya. Numfashi kan tsaya cak, kuma duk wannan a cikin kamar daƙiƙa 1 ake gama shi. Mai son gani da idonsa zai iya saita kyamarar wayarsa a wuya, ya kurɓi ruwa, ya mayar da bidiyon a hankali.

Af, efiglotis ba shi ne belun da wanzamai ke yankewa ba. Belu daga sama yake reto, ana ganinsa idan an buɗe baki.

Dariya da magana kuwa iska suke buƙata. Idan suka zo kwatsam da loma a baki, mutum kan ja numfashi ƙofa na buɗe, abinci ya bi iska. Ci a kwance ana latsa waya yana ƙara haɗarin.

Babba yakan fitar da abin da tari. Ƙaramin yaro ɗan ƙasa da shekara 3, wanda turamen haƙoransa ba su gama fitowa ba, shi ne abin ji. Gyaɗa na iya sauka huhunsa, tarin ya lafa, a ɗauka ya wuce, bayan kwanaki zazzaɓi da ciwon haƙarƙari su biyo baya. Gyaɗar kanta ba ta cika fitowa a hoton ƙirji ba, saboda haka a faɗa wa likita cewa yaron ya ƙware. Da siririn bututu mai fitila ake ciro ta a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Likitan Jamus Gustav Killian ne ya fara wannan aiki a 1897, da ya ciro ƙashi daga hanyar numfashin wani manomi.

Wanda ya ƙware yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarinsa, kada a ɗura masa ruwa. Idan ya kasa magana da numfashi, a sunkuyar da shi, a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da tafin hannu. In abin bai fito ba, a rungume shi ta baya, a danna saman cibiya ciki da sama sau 5, dabarar da Henry Heimlich na Amurka ya bayyana a 1974. Jariri ɗan ƙasa da shekara 1 ba a danna masa ciki, ƙirji ake dannawa.