Amsar Tambaya: Wayoyi Biyu, Adireshin Intanet Ɗaya?

Adireshin IPv4 lambobi huɗu ne, kowace daga 0 zuwa 255. Da can aji-aji aka kasa su: A, B da C gwargwadon yawan na'urori, D na saƙon rukuni, E kuma ajiya. Rabon ya jawo asarar adireshi, aka sauya tsari a 1993.

Masu farawa da 10 ko 192.168 na cikin gida ne, ba sa fita waje. Shi ya sa waya a Gazawa da wata a Gidan Rumji kan nuna 192.168.1.5 dukansu, wannan ba kutse ba ne, kada hankali ya tashi. Adireshin waje kuwa a Afirka hukumar AFRINIC da ke ƙasar Moris ce ke raba wa kamfanoni irin su Airtel, su kuma su ara wa masu layi.